Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kaka, mahaifiyar babana, ta rasu a Bagudo da hantsin wata Laraba bayan an gama yankan gero. Ba ta yi doguwar jinya ba, kafin azahar an kai ta makwancinta. Ina rubuta wannan bayan an share makoki an naɗe tabarmi, don na ga yadda mutane ke da saurin mantuwa, ni kuwa ba na so a manta da ita.

Masu gaisuwa kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce tun da ya gaji limanci bai taɓa jin muryarta ta tsallake danga ba. Ni dai na san liman bai taɓa zuwa gidanmu ranar da akuyar maƙwabta ta shiga rumbu ba. Ita mai akuyar, wadda suka shekara da shekaru suna wannan faɗa, ita ta fi kowa kuka. Tana share hawaye tana cewa, "To yanzu in anka zo neman aure, wa za a tambaya?" Gaskiyarta. A unguwarmu ba a kai goron tambaya sai an aiko wurin Kaka an ji ko yaron da yarinyar sun taɓa shan nono ɗaya, don ita kaɗai ke riƙe da wadda ta shayar da ɗan wa a shekarar da uwarsa ta kwanta ciwo. Mai fito ma ya baro jirginsa a bakin gulbi ya zo da ƙunshin busasshen kifi. Ya ce duk ranar kasuwa sai ta tare shi ta tambaye shi ko ruwa lafiya, da su wa ya ƙetaro da su daga Tsallake. Ya ce bai taɓa sanin wa take jira ba.

Abin da ya jawo gunaguni shi ne ranar bakwai ta zo ba a daka gumba ba, ba a tara malamai ba. Mata suka fara ƙus-ƙus, wai ko gidan ya rasa gero ne bana. Baba ya fito zaure ya ce wasiyya ce: tsohuwa ta ce kada a yi mata sadaka sai mutanen Tsallake sun iso. Duk wanda ya san gidanmu ya san maganar nan ta yi wa Baba nauyi a baki, don ya yi shekaru bai ambaci Tsallake da alheri ba. Dalilin haka sai na koma baya.

Tsallake muke ce wa ƙauyen dangin Kaka. Sai an ƙetare kogin Kwara, a yi tafiyar ƙasa a wuce iyaka, a shiga Dahome. Ita dai har ta mutu ƙasar Faransa take cewa. Can aka haife ta, nan aka kawo ta aure tana yarinya. In aka yi mata zancen iyaka sai ta taɓe baki ta ce, "Turawa ƙasa sunka raba, ba su raba nono ba."

Ba ta ba da labari hannu banza. Sai ta gama aikin safe, ta jawo kwandon auduga, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, sannan bakinta ke buɗewa. Ta wajen mata take bin dangi: wance an kai ta Kende, ƙofar gidan akwai tsamiya, ta haifi wane mai gurguwar ƙafa, shi ne ya tafi fatauci Kamba ya auro Bazabarma. In zare ya tsinke labari ya tsaya, sai ta ɗaura ta ci gaba daga inda ta tsaya, ko kalma ba ta maimaitawa. In ka katse ta da tambaya kuwa ka jawo wa kowa, don daga kakan kakanta za ta sake farowa.

A shekarar da aka samu mulkin kai ina sabon malamin firamare. Kanmu ya ɗau zafi a lokacin, kowa na cewa yanzu mu za mu rubuta tarihinmu da kanmu. Na ce to, ni bari in fara da na gidanmu. Na riƙa zama gefen tabarmarta ranar da babu makaranta ina rubuta abin da take faɗa. Nan na ci karo da abin da ban yi tsammani ba. Kaka ta san kowa, amma akwai mutanen da ba ta kama sunansu saboda alkunya. Mijinta shi ne "mai gidan ga". Surukinta shi ne "tsohon zaure". Waɗannan ba su ba ni wuya ba, ko yaro a unguwa ya san sunansu. Mai wuyar shi ne ɗanta na fari. Shi ko laƙabi ba ta ba shi. In tana lissafa 'ya'yanta daga Baba take farawa, kamar babu kowa a gabansa.

Alhali akwai. Wan babana ne, mu muna ce masa Baban Tsallake. Ana yaye shi aka ba wan Kaka riƙonsa, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari, aka ƙetare da shi tun Baba bai zo duniya ba. Can ya girma, can ya yi aure, can suka laƙaba masa wani suna na yarensu, Dandanci, da ba ya zama a bakinmu. Shi Baba, Yaya yake ce masa. Mutanen gari kuma Na-Tsallake. Sunansa na yanka sai wanda ya halarci raɗin sunan, su kuwa ƙasa ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu shi ne kakanmu namiji, wanda ya rasu da bazarar shekarar mulkin kai.

Rasuwar ce ta kawo Baban Tsallake Bagudo, zuwan da na san shi da wayona. Bai samu tahowa ba sai da damina ta ɗauke, Kaka ta riga ta fita takaba. Dogo ne, mai sanyin magana, Hausarsa na ɗan karkata. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ta kira Inna, mahaifiyata, ta ce a kai wa "baƙin gidan ga" ruwa, alhali shi kaɗai ne baƙon. Amma duk kwanakin da ya yi, ita da kanta take dama furar da ake kai masa, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ƙwaryar.

A cikin kwanakin nan wani mai hoto ya sauka ranar kasuwa, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ni na matsa aka kira shi gida. Ya jera mu a gindin dogon yaro, ya zaunar da Kaka a kujera a tsakiya. Da ya ji an ce ga babban ɗa, sai ya kamo Baban Tsallake ya tsayar da shi dab da damanta, ni kuma ya sa ni kusa da shi. Kaka ta juyar da kai hagu, ta jawo mayafi. Mai hoto ya fito daga cikin ƙyallensa ya ce, "Mama, duba nan." Ta ƙi. Ya sake shiga ya sake fitowa, ya roƙa, Baba ya roƙa. Ta ce, "In shina ɗauka shi ɗauka, in ba shi ɗauka in tashi, tukunyata na bisa wuta." Haka aka ɗauka. Hoton Kaka ke nan guda ɗaya a duniya, kuma rabin fuska ne da kunne ɗaya. Kowa ya ce an ɓata hoto. Ita ce dai ta karɓe shi ta adana a ƙasan kwallarta, tsakanin zannuwa, ta zuba busasshen ganyen dogon yaro saboda gara. Duk rani sai ta fiddo shi ta shanya a inuwa, a kife.

Kafin ta karɓe na rubuta sunan kowa a bayan hoton, daidai inda yake tsaye. Na bar gurbi ɗaya. Ba a tambayar babba sunansa, na ce in ya sake zuwa zan san dabarar da zan yi. Bai sake zuwa ba. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke shi.

Daga nan faɗan ya taso. Labarin rasuwar bai iso mu ba sai bayan an yi sadakar arba'in, shi ma a bakin wani mai sayar da gishiri muka ji. Mutanen Tsallake sun ce sun ba wani falke saƙo, an maido shi daga iyaka saboda kayansa, don a shekarun nan kowace sabuwar gwamnati na son nuna cewa ita ke da ƙasa. Baba ya ce wannan zancen banza ne, mutuwar ɗan'uwa ba a ba falke saƙonta, ƙafa ake takowa. Ya rantse ba shi ba Tsallake. Su ma da suka ji abin da ya faɗa suka yi fushi, suka ce wanda bai taɓa tako ƙafarsa ya ga inda wansa ke kwana ba, ba shi da bakin magana. Na nemi in ƙetara da hoton in tambayi iyalinsa, Baba ya ce in na je kada in dawo masa gida. Ranar da labarin ya zo Kaka ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ɗauki mazarinta ta zauna, amma har rana ta faɗi ba ta ba da labarin kowa ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ga yadda dangi ke ɓata: yau ba a gaisawa, gobe yara sun taso ba su san juna ba, jibi a haɗu a kasuwa a yi ciniki a rabu. In gurbin nan ya zauna fanko, jikokinmu za su dubi hoton su ce wani dogo ne da ya zo wucewa.

A nan sai in faɗi tsakanina da Kaka, don ba zan ce mun shaƙu ba. Kowa ya san wasan kaka da jika. Duk jikokinta maza mazanta ne. Ta ce wa wannan ragon miji, ba ya kawo cefane. Ta ce wa wancan ta sake shi, ƙeyarsa ta cika tsawo. Su ja mata mayafi, ta bi su da muciya. Ni kaɗai ba ta taɓa yi wa wannan wasa ba. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, in na shigo sai ta gyara zama. In tana son sanin ko na ci abinci sai ta tambayi Inna ina tsaye a wurin. Lokacin da nake makarantar kwana, duk komawa sai na tarar da ƙullin soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin akwatina, amma ba ta taɓa miƙo mini da hannunta ba. Da na yi ƙorafi aka ce in yi haƙuri, kakanmu namiji ne ya zaɓa mini suna ya raɗa wa liman, kuma sunan wani malaminsa ne da ya yi karatu a wurinsa, shi ya sa take girmama ni. Kowa a gidan haka ya ɗauka, har Baba. Girman bai yi mini daɗi ba. Na so a ce mini ragon miji ko sau ɗaya, kuma na daɗe ina jin cewa ba ta so na.

Wata ranar Asabar na gaji da kewaye-kewaye. Na sa Inna ta karɓo hoton, na ajiye a gaban Kaka, na ɗora yatsa a kan dogon.

"Kaka, wannan mene ne sunansa?"

Mazari ya tsaya. Ba ta dubi hoton ba, ba ta dube ni ba.

"Boko ya cinye maka kunya?"

"Ba rashin kunya ba ne. In kin tafi da shi, shi ke nan ya ɓata."

"Ba shi ɓata."

"To wa ya sani in ba ke ba?"

"Na ce maka ba shi ɓata. Sunan ga kullum ana kiran shi cikin gidan ga."

Ta tattara audugarta ta shige ɗaki. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce, wato ana yi masa addu'a. Ta jima ba ta yarda na zauna gefen tabarmarta ba, Inna kuma ta wanke ni tas. Har yau ban ga laifin tambayar ba, sai dai ban sake yi ba.

Da ciwon ajali ya kama ta, ta sa aka kira Baba. Inna na ɗakin, ita ta gaya mini yadda aka yi. Ta ce masa, "Ka ce mutuwa ba a ba falke saƙonta. To ga tawa nan tahe. Ka aika da ƙahwa, ɗan gidan ga, ba baƙo ba. Kuma in kunka daka gumbata ba su zo ba, ban yahe ba." Baba ya buɗe baki zai yi magana, ta juya masa baya. Da maganarsa ta ɗaure shi, ba shi kuwa da yadda zai yi. Ana dawowa daga maƙabarta ya tashi ƙanensa, mai fito ya ƙetare da shi.

Sun iso da la'asar, bayan ranar bakwai ta wuce. Maza kaɗan ne da mata, ƙafafunsu fari fat da ƙura. Babbarsu ita ce 'yar farin Baban Tsallake, ta ɗan girme ni, doguwa kamar ubanta. Aka yi gaisuwa a tsakar gida irin ta mutanen da ke da magana a ciki: ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, Allah Ya jiƙan ta, amin. Daga nan kowa ya sa ido a ƙasa. Can Baba ya tuna da hoton, ya ga ko zai raba shirun da shi. Ina bakin zaure, sai ya ɗaga murya ya kira sunana, ya ce in ɗauko hoton nan a kwallar tsohuwa.

'Yar Baban Tsallake ta zabura ta rufe baki da hannu. Ta bi ni da kallo har na shiga ɗakin na fito. Da na miƙa mata hoton ba ta karɓa ba, sai ta sauko daga tabarma ta durƙusa.

"Baba, ina wuni."

Na ce, "A'a, Yaya, ni ƙanenki ne, tashi."

"Ba ni iya kiran ka," in ji ta. "Sunan babana gare ka."

Baba ya ce, "Mi kinka ce?"

Ta ce sunan da ya kira yanzun nan shi ne sunan yankan mahaifinta, da shi liman ya ɗaura mata aure. Ta ce da ya dawo daga Bagudo ya gaya musu ya tarar da takwaransa a gidan ubansa, dogon yaro malamin makaranta, har an ɗauke su hoto tare. Ta karɓi hoton ta nuna. Na sha kallon hoton nan ina neman abin da ba ya ciki, ban taɓa kula da cewa hannun Baban Tsallake a kafaɗata yake ba.

Baba ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya cire hula ya riƙe, ya ce, "Ashe ban san sunan wana ba, kullum ina kiran shi. Har zagi na haɗa da shi." Sai ya fashe da kuka, irin wanda bai yi ba ranar da mai gishiri ya kawo labari, bai kuma yi a maƙabarta ba. 'Yar wansa ta matso tana ba shi haƙuri, tana kuka ita ma. Babu wanda ya sake ta da zancen falke.

Ni kuwa sai abubuwa suka riƙa dawo mini: gyara zama, kallon bango, tambayar Inna ko na ci, gyaɗar da ba a miƙowa hannu da hannu. Duk yadda ta yi da shi a kwanakin nan na fura, haka ta yi da ni tun ina cikin zanen goyo. Ko akwai wani malami mai sunan, ban sani ba, mai yiwuwa akwai. Abin da na sani shi ne an ɗauke mata ɗa yana barin nono, al'ada ta hana ta ko tambayar lafiyarsa a fili, mijinta kuma ya mayar mata da shi cikin gida ta hanyar da ya iya. Na yi shekaru ina kishin masu jan mayafi, ashe ni aka ba babban wuri. Na ji daɗi, na kuma ji zafin cewa ba zan iya zuwa in durƙusa a ƙofar ɗakinta in ce na gane ba.

Washegari aka daka gumba, matan Tsallake da na Bagudo a turmi ɗaya. 'Yar Baban Tsallake ta zauna ta lissafa mini 'ya'yansa da jikokinsa, da inda aka kai kowace mace aure, da itacen da ke ƙofar gidan. Ta wajen mata take bi ita ma. Baba ya ce bayan arba'in shi da kansa zai raka ni, mu ga kabarin Yaya, mun kuwa je mun dawo.

Hoton yanzu yana wurina. Na bar shi a kwallarta, tsakanin zannuwanta, da ganyen dogon yaro, don ban san wata dabara da ta fi tata ba. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da wanda ta yi ta tambayar mai fito a kansa, a inda babu iyaka kuma babu kawar da kai. Ranar da baƙi suka tafi na juya bayan hoton, na nemi gurbin da na bari dab da sunan Kaka, na rubuta sunana a karo na biyu.